Tsara Rawar Zamani ga Ƙaramin Rukuni

Tsara rawar zamani ga ƙaramin rukuni shi ne shirya wa 'yan rawa biyu zuwa shida motsin da za su yi a kan dandamali, a salon da ya bunƙasa a Amurka da Turai daga tsakiyar ƙarni na 20. Salon ya sassauta ƙa'idojin rawar bale (tsohuwar rawar dandamali ta Turai mai tsauraran ƙa'idoji), ya dogara da nauyin jiki, numfashi, faɗuwa da birgima a ƙasa. Merce Cunningham, mai tsara rawa ɗan Amurka wanda ya kafa ƙungiyarsa a 1953, ya raba rawa da kiɗa, har yakan jefa tsabar kuɗi sama don zaɓen motsin da zai biyo baya. A 1972 kuma Steve Paxton, wani ɗan rawa ɗan Amurka, ya fito da rawar da mutum biyu ke jingina da juna suna karɓar nauyin juna ba tare da shiri ba.

A ƙaramin rukuni, yawan mutanen kansa magana ne. Biyu suka tsaya, mai kallo zai ga dangantaka a tsakaninsu ko da ba a nufa ba. Uku kuwa kullum suna karkata zuwa biyu da ɗaya, don haka mai tsarawa yakan sauya wanda ke ware, kada ɗan rawa guda ya zama bare tun daga farko har ƙarshe. Huɗu sun fi wuya, domin suna saurin rabuwa biyu-biyu, dandamalin ya daidaita har ya gunduri ido. Maganinsa uku da ɗaya, ko jeri a karkace daga kusurwar baya zuwa ta gaba. Anne Teresa De Keersmaeker, mai tsara rawa 'yar Beljiyam, ta nuna iyakar abin da huɗu za su iya a rawarta mai suna Rosas danst Rosas ta 1983, inda mata huɗu ke maimaita motsin yau da kullum har gajiya ta bayyana a jikinsu.

Aiki yakan fara da guntun motsi mai ƙirga 16 (ƙirgar bugun da 'yan rawa ke bi), wato takwas sau biyu. Daga nan a sarrafa shi: a yi shi daga ƙarshe zuwa farko, a rage sauri, a saukar da shi ƙasa, ko a juya fuska wani ɓangare. Sai kuma bi-da-bi, wato kowa ya yi motsi iri ɗaya amma wani na farawa bayan wani. In aka ba mutum uku tazarar ƙirga huɗu, na biyu zai shiga a ƙirga ta 5, na uku a ta 9, lokacin na farko ya kai rabi. Tazarar ƙirga ɗaya tak sau da yawa kama da kuskure take yi.

Motsi bai ɗaya shi ke tona asiri, don cikin mutum uku babu inda mai jinkiri zai ɓuya. Inda kiɗan ba shi da bugu bayyananne, ana bin numfashin mutum ɗaya a matsayin alamar farawa. Wajen ɗaga juna, mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa ya ja abokinsa kusa da ƙugunsa, wanda ake ɗagawa kuma ya ɗaure cikinsa. Ɗagawa da baya, hannu a miƙe, ita ke kawo ciwon ƙugu da kafaɗa. Daɓen siminti yana cin gwiwa, shi ya sa ake son na katako mai ɗan laushi. Kuma tunda ba mai canjin wani, dole a saka wuraren tsayuwa ko tafiya a hankali cikin tsarin, kowa ya samu ya numfasa.