Zanen tatu: fatarka ce, amma ba kai kaɗai ke karanta ta ba

Shin zanen tatu yana da wata ma'ana ta ruhi?

Tawadar da allura ke cusawa ƙarƙashin fata ba ta ɗauke da wani sirri. Mutane ne ke ɗora mata ma'ana, kuma sun daɗe suna yi. Gawar wani mutumin da da ake kira Ötzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps na Turai a 1991, ta kai shekara 5,300, kuma akwai zane 61 a jikinta, da yawa a kan gaɓoɓi da ƙasan baya. Shi ya sa wasu masu bincike ke ganin na magani ne.

A Tailan, malaman addinin Buddha na yin zanen sak yant suna karanta addu'o'i, masu karɓa kuma na ɗaukarsa kariya. Sai dai ba a bayar da shi haka kawai: akwai sharuɗɗan ɗabi'a da mai zanen zai kiyaye, in ya karya su an ce ƙarfin ya tafi. Kiristoci Kibɗawa na Masar na zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu don shaidar bangaskiyarsu. Wajen Maori na New Zealand kuwa, zanen fuska na bayyana asalin mutum da matsayinsa. A duk waɗannan wuraren, jama'a ce ta riga ta amince da ma'anar kafin mutum ya miƙa fatarsa. Wanda ya zaɓi zane daga waya don ya burge shi ba a wannan sahun yake ba, ko da zanen iri ɗaya ne.

Me addinai suka ce?

Jumhur ɗin malaman Sunna sun haramta shi, bisa hadisin Bukhari da Muslim da ya la'anci mai yin zanen da wadda ta nemi a yi mata, saboda canza halittar Allah. Lalle bai shiga ciki ba, tunda yana gogewa. Wasu manyan malaman Shi'a, irin su Ayatullahi Sistani, sun halatta shi. Yahudawa masu riƙo da addini na kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28, inda aka hana tsaga jiki saboda mamaci da yin zane a fata. Kiristoci sun rabu a kan ayar: wasu na ganin tana nan daram, wasu na cewa ta shafi al'adun maƙwabtan Isra'ilawa ne na wancan zamani.

Wanda ya riga ya yi, alwalarsa ta yi?

Malamai da yawa sun ce ta yi, domin tawadar na ƙarƙashin fata, ba ta tare ruwa. Tuba ake nema, kuma ba a tilasta cirewa idan za ta cutar.

Jikina ne, ina ruwan wani?

Gaskiya ne, amma rabinta. Kai ka zaɓi zanen, fassararsa kuwa tana hannun mai kallo, kuma ba zai tsaya ya tambaye ka nufinka ba. A 2014 Siri Lanka ta kori wata 'yar yawon buɗe ido daga Birtaniya saboda hoton Buddha a damtsenta. Ita a wajenta girmamawa ce, hukuma ta ga cin fuska. A Japan, inda aka haramta tatu daga 1872 zuwa 1948, har gobe wuraren wanka da yawa ba sa barin mai zane ya shiga, saboda an saba danganta shi da 'yan daban yakuza. Baƙon da bai taɓa ko ganin ɗan yakuza ba shi ma a ƙofa zai tsaya.

Na kusa da kai sun fi jin abin. Uwar da ta yi imani cewa zanen zunubi ne ba ra'ayin ado take yi ba, tsoron lahirar ɗanta take ji, ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba. Ba dole ne damuwarta ta yanke maka hukunci ba, amma cewa babu ruwanta ƙarya ce. Mai zana sunan masoyi kuma ya ɗora wa wanda zai aura nan gaba karatun da bai nema ba.

Akwai batun lafiya ma. Allurar da ba a tsabtace ba na iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C, wanda ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. A Ingila sai ka jira wata 4 bayan zane kafin a karɓi gudummawar jininka.

In na yi nadama, ana cirewa?

Ana yi da hasken leza, wanda ke farfasa tawadar jiki ya kwashe ta sannu a hankali. Sai an yi ta komawa, da tazarar makonni, ga zafi ga tsada fiye da kuɗin zanen. Baƙi ya fi saurin fita. Kore da rawaya kan yi gardama, wani lokaci kuma tabo ya rage.