Zaman Landan da ɗan shekara biyu: amsoshin tambayoyin da ake yi mini tun da na dawo Sakkwato

Shekara uku muka yi a gabashin Landan, maigidana yana karatun digirin digirgir, ni kuma ina fama da yaron da muka tafi da shi yana ɗan wata goma sha takwas. Tun da muka dawo, babu suna ko bikin da zan je a Mabera ko Runjin Sambo ba a tsare ni da tambaya ba. Yanzu ga ƙanwata tana haɗa kaya za ta bi nata mijin da ɗiyarta. Ta yi sa'a karatun bincike zai yi, domin tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, sai masu irin wannan karatu da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ga abin da ita da sauran dangi suka fi tambaya.

Yaya, daga ke sai yaro a ɗaki, me kuke yi tun safe har dare?

Nan wahalar take, ba a sanyi ko abinci ba. A gidanmu na Sakkwato yaro in ya tashi da safe uwarsa ba ta sake riƙe shi sai ya ji yunwa. Wannan ta goya, waccan ta ba shi kunu, yaran maƙwabta su ja shi tsakar gida, Inna ta yi masa tawai har ya yi barci a kan tabarmarta. Ba mu ɗauki wannan taimako a bakin komai ba saboda da shi muka tashi.

A can muna bene na uku, ɗaki da falo, ba tsakar gida, ba zaure. Maigida ya fita da safe sai dare. Satinmu na biyu aka turo mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa, maƙwabciyar da ke ƙasanmu tana roƙon a hana yaro gudu kafin ƙarfe bakwai na safe. Ta yaya za ki hana ɗan wata goma sha takwas gudu? Muka sayi kafet mai kauri, ni kuma na gane in ban fitar da shi ya ƙarar da ƙarfinsa a waje ba, da ni da shi duk kuka za mu wuni yi.

Saboda haka ki cire tunanin nan na cewa matar kirki ba ta yawan fita. Na ɗora wa kaina doka: kowace rana kafin ƙarfe goma mun bar gida, ko ana yayyafi. Mu dawo da azahar, ya ci abinci, ya kwanta, ni kuma in ɗora tukunya.

To ina ake zuwa kullum? Ba kuɗi ne ba?

Yawanci kyauta ne, kuma wannan ne abin da na fi yaba wa garin. Laburaren unguwa yana ware wata safiya a mako, iyaye su zauna a ƙasa da yaransu ana rera musu waƙoƙi da karatun littafi mai hotuna. Akwai kuma cibiyoyin yara na ƙaramar hukuma inda ake baje kayan wasa na awa ɗaya ko biyu. A irin wannan wuri na sami ƙawayena na farko, wata 'yar Somaliya da wata 'yar Bangladash, kuma su suka nuna mini mahaucin da ke da naman halal mai rahusa.

Manyan gidajen tarihi na gwamnati ba a biyan kuɗin shiga. A South Kensington akwai na kimiyya, wanda ke da sashen wasan ruwa na ƙananan yara a ƙasa, kusa da shi kuma na halittu, inda aka rataye ƙwarangwal ɗin wata dabbar teku mai tsawon mita 25 a saman zauren shiga. Ɗana ya ɗaga kai ya gan ta ya ƙanƙame mini ƙafa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wanda ya fi dacewa da ɗan shekara biyu shi ne gidan tarihin Young V&A da ke unguwar Bethnal Green, da aka sake buɗewa a 2023, don shi dama domin yara aka yi shi. Ki guji makon hutun makaranta, cunkoson ya yi kama da babbar kasuwa ana jajibirin salla.

Sai gonakin cikin gari, irin ta Mudchute, inda ake kai yara su ga tumaki da awaki a bayan shinge. Ran da na kira Gwaggo ta bidiyo daga can, ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Ashe har Ingila kunka tai kallon awaki? Ga su nan bakin garka suna cin takarda." Ban da amsar da zan ba ta. Mu da jar akuyarmu ta yi suna a duniya saboda fatarta.

Goyo ya fi, ko keken tura yaro?

Ki riƙe duka biyun. Keke yana ɗaukar miki jakar famfas da cefane, yaro kuma ya yi barci a ciki, ga ledar rufewa in ruwa ya sauko. A bas akwai fili a tsakiya da ke ɗaukar keke biyu, amma mai keken guragu ne ke da haƙƙin wurin. In ya zo, ko ki naɗe naki ko ki sauka ki jira wata. In direba ya ga wurin a cike, zai iya ce miki sai ta gaba. Ba a karɓar tsabar kuɗi a bas tun 2014, kati ake dangwalawa, kuma in kin sauya bas cikin awa ɗaya ba za a sake cire miki kuɗi ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya biyan komai, a bas ko a jirgi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne matsala. Tun 1863 aka fara shi, kuma cikin tashoshi 272 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za ki iya shiga ba ki taka matakala ba. Na taɓa tsayawa a gindin wata doguwar matakala da keke, yaro yana barci, mutane suna wucewa kamar ruwa, sai da wani saurayi ya kama gaban keken ba tare da ya ce uffan ba, muka hau, ya ajiye ya yi gaba. Daga ranar in na san zan shiga tsohuwar tasha, zanena nake ɗauka. Goyo ba ruwansa da matakala. Za a kalle ki, wata tsohuwa ma ta taɓa bin bayana da hannuwa a buɗe wai kada ya faɗo. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 da kuma ƙaramin jirgin DLR suna da lifta, kuma DLR ba direba a gabansa, yaro yana iya zama a kujerar farko ya ɗauka shi ke tuƙi.

Inna ta ce: yaron da aka haifa cikin zafin Sakkwato, sanyin nan ba zai kama masa haƙarƙari ba?

Inna, yaro ya fi babba saurin sabawa. Dabarar ita ce riga kan riga, sannan babbar rigar sanyi, hula da safar hannu, domin da an shiga bas ko shago akwai ɗumi, sai a rage.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne duhu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke. In yaro ya tashi barcin rana ƙarfe uku, fita ta ƙare. A watan Yuni kuma har bayan tara na dare da haske, yaro ya ce shi bai ga dare ba, sai an sa labule mai kauri. Saboda ƙarancin rana hukumar lafiyarsu ta ce a riƙa ba ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu sinadarin bitamin D, maikirogiram 10 kullum, mu masu duhun fata kuma mun fi kowa buƙata. Ki tafi da man kaɗanya mai yawa, ɗumin hita yana busar da fata fiye da hunturunmu.

Abinci fa? Zan iya tafiya da kilishi da man shanu?

A'a. Doka ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu, za a karɓe a filin jirgi. Doya, manja da kuɓewa suna nan a Peckham da kasuwar Ridley Road. Garin gero kuma shagon Indiyawa za ki je ki ce bajra. Da shi na yi ta dama kunu, har fura na gwada da yogot ɗinsu mara sukari. Ta sha, amma kada a gaya wa masu fura na gida na kira ta fura. Alewa mai danƙo ki karanta bayan leda, da yawa akwai sinadarin jelatin na alade.

In ya kwana da zazzaɓi, ya ake yi?

Makon da kuka sauka ku yi rajista da likitan unguwa, kada ku jira ciwo. Kuɗin lafiya an riga an karɓa tun wajen biza, ganin likita da maganin yaro ba a biya. Ki tafi da katin rigakafinsa, su duba abin da ya saura. Lambar 111 ta shawara ce dare da rana, 999 kuma in numfashi ya sarƙe ko ya sanƙame. Ki shirya jin haushi: sau da yawa za a ce ki ba shi farasitamol da ruwa ki sa ido. Kemis ba ya sayar miki da maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai don kin tambaya. In kun zo gida hutu kuka koma ya yi zazzaɓi, ki faɗa da bakinki cewa daga ƙasar sauro kuke, a gwada maleriya a ranar, don ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba.

Mijin ƙanwata ya ce: wai da gaske ne ana ƙwace wa mutane yara?

Malam, ba a kan hanya ake fizge su ba. Raba yaro da iyayensa sai da umarnin kotu, sai dai 'yan sanda na iya ɗauke shi har awa 72 in suka ga yana cikin haɗari. Abu biyu ne suke jawo wa mutanenmu magana. Na farko barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida, ko da barci yake, ko da shagon ƙasa za a je. Na biyu duka. Scotland da Wales sun haramta shi gaba ɗaya, a Ingila kuma duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne. Malaman renon yara in sun ga ƙujewa za su tambaya su rubuta. In faɗuwa ya yi, kai ka fara gaya musu da safe.

Hausarsa ba ta gudu ba?

Ta so ta gudu. Daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara uku ya sami awa 15 a mako kyauta a makarantar reno, cikin 'yan watanni ya fara mayar mini da amsa da Turanci. Muka hana Turanci a cikin gida, kuma kullum bayan magariba a kira Inna ta yi masa gatanan gatananku.

Satinmu na farko da dawowa na fito wanka ban gan shi ba. Na duba ɗakuna, na duba bayan gida, na fita garka ba mayafi ina kiran sunansa, zuciyata kamar ta faɗo. Inna tana zaune tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Mi ya same ki? Yana nan gidan liman, tun ɗazu sunka ba shi tuwo."