Shiyya ba gwamnati ba ce

Tun da aka kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma a 2024, kalmar "shiyya" ta cika gidajen rediyo. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan siyasa ke cewa "a koma tsarin shiyya-shiyya irin na zamanin Sardauna", alhali kuwa shiyyoyi shida da muke da su yau ba su da wata alaƙa da wancan tsari.

Abin da Sardauna ya mulka Jihar Arewa ce, gwamnati sukutum. Tana da firimiya, da Majalisar Wakilai da ta Sarakuna a Kaduna, da kundin tsarin mulkinta, har da hukumar da ke sayen gyaɗa da auduga daga manoma tana tara wa jihar kuɗi. Gowon ne ya rushe wannan tsari a 1967, ya yi jihohi 12.

Shiyya kuwa ba ta da gwamna, ba ta da majalisa, ba ta karɓar harajin ko sisin kwabo. Ka duba kundin tsarin mulki na 1999 tun daga farko har ƙarshe, ba za ka tarar da shiyyoyin nan shida ba. Alex Ekwueme, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, shi ne ya kawo shawarar kasa ƙasar shiyya shida a taron tsarin mulki na zamanin Abacha, domin a riƙa karɓa-karɓar mulki. Kundin da taron ya fitar a 1995 bai taɓa aiki ba, amma jam'iyyu suka riƙe rabon, tunda ya yi musu daɗi wajen kasafta muƙamai.

Kuma rabon da kansa ba a yi shi da ma'auni ɗaya ba. Arewa maso Yamma jihohi bakwai, Kudu maso Gabas biyar, sauran shida-shida. Dubi Arewa ta Tsakiya: an haɗa Bayaraben Ilori da Tibi na Makurɗi da Banufen Bida da Birom na Jos, an ce ku shiyya ɗaya ne. Me ya haɗa su ban da taswira? Mutumin Kafanchan kuwa, da kasuwarsa da danginsa suka fi karkata Filato, an lissafa shi tare da Sakkwato, saboda kawai jiharsa Kaduna ce.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa "shiyyarmu ta samu kujera". Wanda aka ba kujerar da sunanmu, wa zai tuhume shi in ya gaza? Gwamna ko ba komai akwai ranar zaɓe da za a haɗu da shi. Shiyya ba ta da akwatin zaɓe. Duk mai son a dawo da gwamnatocin yankuna sai ya fito fili ya faɗi nawa yake so, ina ne hedikwata, kuma me za a yi da gwamnoni 36 da ke kan kujera.