Waiwaye: Memorin da Linux Ke Keɓewa Don Ranar da Kenel Ya Faɗi

Mai kula da saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a Gusau wanda ya ƙirga memorin na'urarsa ya tarar da giɓin megabait 256, mai yiwuwa kdump, tsarin Linux na adana bayanan faɗuwar kenel, ce ta riƙe su. Kenel shi ne zuciyar Linux da ke tafiyar da na'urar. Giɓin nan wurin zaman kenel na biyu ne, wanda ba ya aikin komai sai ranar da na farko ya faɗi, sannan ya tashi ya kwashe abin da ke cikin memori domin a gano musabbabin faɗuwar.

Kafin 2005, hanyoyi irin su LKCD da diskdump suna dogara ne da kenel ɗin da ya riga ya rikice, kamar a ce majinyaci ya rubuta wa kansa magani. Da kdump ta shigo Linux 2.6.13 a wannan shekarar, sai aka raba aikin, amma aka gaji wata tambaya: nawa za a keɓe? Da fari ana rubuta crashkernel=64M@16M, wato megabait 64 daga wani adireshi (matsayi a cikin memori) tsayayye, daga baya aka ba da damar ɗaure adadin da girman memorin na'ura.

Inda aka fi shan wuya shi ne iyakar adireshi. A kwamfutocin x86, irin na Intel da AMD, an daɗe ana tilasta wa wurin da aka keɓe ya zauna ƙasa da adireshin megabait 896, alhali manyan na'urori suna buƙatar fili mai yawa, domin a lokacin makedumpfile, manhajar da ke kwashe memorin, na cin bit 2 a kan kowane shafin memori mai kilobait 4, wato megabait 64 a terabait ɗaya, ban da direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta. Sai a 2013 aka buɗe hanyar keɓewa sama da gigabait 4, tare da ɗan yanki a ƙasa saboda sassan kwamfutar da ba sa kaiwa can. Kamfanin Red Hat ya yi shekaru da crashkernel=auto, inda kenel ke zaɓar adadin da kansa, sannan a RHEL 9, wani bugu na Linux ɗinsa, ya koma ga rubutattun matakai bisa girman memori.

A ganina, rowa a nan asara biyu ce, musamman a ofisoshinmu na Zamfara inda sabar gigabait 8 ke ɗauke da komai. Idan aka rage adadin har ya gaza, memorin ya tafi, kenel na biyu kuma zai shaƙe kafin ya rubuta komai. Ana tabbatar da isarsa ne ta hanyar kayar da kenel da gangan ta sysrq, hanyar aika wa kenel umarni kai tsaye, a lokacin da babu mai amfani da sabar, a duba ko fayil ɗin vmcore, wato kwafin memorin, ya fito.