Kuɗin tallafi: wa ke bin sawunsu, kuma me majalisa take yi?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, da wuya wata ya wuce ba a ji sanarwar rabon wani abu ba, ko shinkafa, ko taki, ko kuɗi ta asusun banki. A Sakkwato maganar ta fi shafar mutane, domin ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 90.5 cikin ɗari na mutanen jihar na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, adadin da ya fi na kowace jiha. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi a wuraren hira da shirye-shiryen rediyo na kiran waya.

Shugaban ƙasa ko gwamna na iya ɗibar kuɗi ya raba yadda ya ga dama?

A doka, a'a. Sashe na 80 na tsarin mulkin 1999 ya hana a taɓa baitulmalin tarayya sai da amincewar Majalisar Tarayya, sashe na 120 kuma ya ɗora wa jihohi irin wannan sharaɗi. Gwamna yana kawo kasafi, majalisar jiha, mai mutum 30 a Sakkwato, ta raba shi ga kwamitoci, kwamishinoni su zo su kare abin da suka nema, sannan a mayar da shi doka. Idan wata buƙata ta taso a tsakiyar shekara, kamar ambaliya ko tsadar abinci, sai a kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi. A wannan gaɓar ce ɗan majalisa ya fi ƙarfi, tun kuɗin ba su fita ba. In ya yi shiru a nan, abin da zai faɗa daga baya ƙorafi ne kawai irin na kowa.

To bayan an amince da kasafi, shi ke nan?

Da sauran aiki, kuma shi ne mafi nauyi. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da ta ware, domin bankaɗo cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon aika sammaci ga kowa, ta nemi takardu, in mutum ya ƙi zuwa ba da hujja ba ta sa 'yan sanda su kawo shi. Majalisar Tarayya tana da irin wannan iko a sashe na 88 da na 89. Sai dai majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, iyakarta ta fallasa, ta ba da shawara, ko ta miƙa batun ga EFCC ko ICPC.

Ana yawan ambaton rahoton Odita-Janar. Mene ne amfaninsa?

Shi ne idon majalisa a cikin littattafan gwamnati. Akanta-Janar na jiha yana haɗa lissafin shekara, Odita-Janar ya bi shi layi-layi, kuma sashe na 125 ya ba shi kwana 90 ya miƙa rahoto ga majalisa, ita kuma ta ba kwamitinta na binciken asusun gwamnati. Nan ake ganin kuɗin da aka fitar ba rasit, da kwangilar da aka biya ba a yi aikin ba. Gwamna ba ya iya korar Odita-Janar shi kaɗai, sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun nemi haka. A Birtaniya, inda aka kafa irin wannan kwamiti tun 1861, ɗan adawa ake ba shugabancinsa, kuma Majalisar Tarayya ta ɗauki al'adar. Matsalar ita ce jinkiri. Idan rahoto ya iso bayan shekaru, wanda ya sa hannu a takardar ya yi ritaya, shinkafar kuwa an daɗe da cinye ta.

An taɓa ganin majalisa ta taka wa gwamnati birki a kan tallafi?

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya nemi naira biliyan 500 don rage raɗaɗi, da bashin dala miliyan 800 daga Bankin Duniya, da niyyar ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 duk wata har wata shida. Majalisa ta amince nan da nan, kuma a cikin gyaran kasafin da ta yi har da naira biliyan 70 da aka ware wa ita kanta majalisar. Surutun jama'a ne ya sa aka janye maganar naira 8,000, daga baya aka koma naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15.

Haka a Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan wata takarda da ta nemi a tura kimanin naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. Takardar a kafafen sada zumunta ta ɓulla, ba a teburin kwamitin majalisa ba. Babba a cikin misalan shi ne bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ciwo daga Babban Banki, alhali a lokacin doka ta taƙaita irin wannan rance da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Sai da aka gama kashewa aka kawo maganar, kuma a Mayun 2023 majalisa ta sa albarka.

Me ke hana su, tunda ikon na nan a rubuce?

Dalili na farko kowa ya san shi: a yawancin jihohi gwamna ne jagoran jam'iyya, kuma tikitin ɗan majalisa na zaɓe mai zuwa yana bi ta hannunsa ko ta hannun ubangidansa. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, amma gyaran takarda bai sauya wanda ke riƙe da jam'iyya ba.

Na biyu ba a cika faɗinsa ba, domin da mu a ciki. In aka zo rabon tallafi, sau da yawa ana ware wa ɗan majalisa kasonsa na buhuna ko guraben sunaye ya kai mazaɓarsa. Daga ranar ya zama ɗaya daga cikin masu rabo, to da wane baki zai tambayi tirela nawa aka sayo, a kan nawa, daga hannun wa? Mu kuma masu zaɓe da haka muke auna shi. Wanda ya kawo shinkafa da atamfa a azumi shi ne mai kirki, wanda ya zauna yana tone-tonen lissafin ma'aikata sai a ce bai tsinana komai ba. A ganina wannan ya fi tsoron gwamna illa, saboda an kai matsayin da ba a ma tsammanin binciken daga gare shi.

Wa ke rubuta sunayen masu cin gajiya?

A tallafin kuɗi na tarayya akwai rajistar masu ƙaramin ƙarfi, wadda aka gina tun zamanin shirin naira 5,000 na Buhari, inda ake tara mutanen gari su nuna da kansu gidajen da suka fi talauci. A Yulin 2023 gwamnoni, a taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce ba su yarda da sahihancinta ba. Yanzu ana haɗa biyan da lambar NIN da asusun banki don toshe sunayen bogi. Hakan na da kyau, amma tsohuwar da 'yan bindiga suka kora daga wani ƙauyen Isa ko Sabon Birni, ba kati ba waya, ita ce ta farko da za ta faɗo daga jerin. Sanatocin jihar uku da 'yan Majalisar Wakilai 11 su ne ya kamata su riƙa tambayar mutum nawa aka biya a kowace daga ƙananan hukumomi 23.

Tallafin da jiha ke bayarwa da kanta fa?

Akwai alawus na wata-wata ga masu buƙata ta musamman, wanda ya faro da naira 6,500 zamanin Gwamna Wamakko, gwamnatin Ahmed Aliyu ta kai shi 10,000. Akwai ciyarwar azumi, akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi da ke taimakon marayu da marasa lafiya. Kasancewar aiki na alheri ne ba ya hana a bincike shi. Duk inda kuɗin gwamnati ya shiga, majalisa na da hurumin ganin jerin sunaye, da watannin da aka biya, da farashin da aka sayi buhu idan aka kwatanta da na kasuwa.

Talaka da ba shi da kowa, me zai iya yi?

Zai iya rubuta koke ta hannun ɗan majalisarsa, a gabatar a zaure, a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Koken da ƙungiya ta kawo, mai ɗauke da sunan gari da ranar rabo da adadin da aka sanar da wanda ya iso, ya fi na mutum guda tasiri. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun kashe kuɗi, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta ba da amsa. Kiranye ma yana cikin tsarin mulki, sai dai yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama, shi ya sa yunƙurin da aka sha yi a ƙasar nan yake mutuwa tun a matakin tantance sa hannu.