Roger Payne

Roger Searle Payne (1935–2023) masanin halittu ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana nazarin whale, manyan dabbobin teku da ake wa kallon kifi alhali da huhu suke numfashi, kuma nono suke shayar da 'ya'yansu. Waƙar waɗannan dabbobi ce ta fito da sunansa, amma rabin aikinsa na ƙarshe ya karkata ne ga gubar da ɗan Adam ke zubarwa tana taruwa a jikinsu.

An haife shi a birnin New York ranar 29 ga Janairu, 1935. Ya yi digirin farko a Jami'ar Harvard, na uku kuma a Jami'ar Cornell. Tun yana ɗalibi, ji ne fagensa: ya yi bincike kan yadda jemage ke gane hanya da amsa-kuwwa, da yadda mujiya ke cafke ɓera a cikin duhu da kunne kaɗai.

Waƙar teku

Wani injiniya mai suna Frank Watlington, da ke aikin sauraron ƙarƙashin ruwa a tsibirin Bamuda, shi ya ba Payne sautukan da ya naɗa na whale mai doro. Payne da abokin aikinsa Scott McVay suka gano cewa kukan yana da tsari: jerin sautuka ne da dabbar ke rerawa na tsawon mintuna, ta kai ƙarshe, ta sake ɗaukowa daga farko. Sun wallafa sakamakon a mujallar Science a 1971. Matarsa ta fari, Katy Payne, ita ta nuna cewa waƙar kan sauya sannu a hankali, kuma duk mawaƙan yanki guda kan bi sauyin tare.

Faifan Songs of the Humpback Whale da ya fitar a 1970 ya shiga gidaje a lokacin da jiragen farauta ke kashe dubban whale duk shekara, ya kuma ƙara wa masu neman a daina farautar ƙarfi. A 1982 Hukumar Kula da Farautar Whale ta Duniya ta amince da dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986.

A 1971 ya kafa ƙungiyar da aka sani yau da Ocean Alliance. A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma ya fara bin diddigin whale a gaɓar Valdés ta ƙasar Ajantina, inda ake tantance kowace dabba da irin kaushin fatar da ke kanta. Har yanzu aikin bai tsaya ba.

Tafiyar jirgin Odyssey

Daga 2000 zuwa 2005, jirgin ruwan ƙungiyar mai suna Odyssey ya zagaya tekunan duniya yana tattara samfurin fata da kitse daga nau'in whale mai ƙaton kai, wanda ke nutso can ƙasa yana farauta. An zaɓe shi ne saboda ana samunsa a kusan kowane teku, yana da tsawon rai, kuma yana can ƙololuwar jerin halittun da babba ke cinye ƙarami. Da 'yar kibiya ake ɗebo samfurin, ɗan yanki ne da bai wuce kan ɗan yatsa ba, dabbar ta ci gaba da iyonta. Wannan ma hujja ce babba, domin ta nuna ana iya sanin halin da whale ke ciki ba tare da an kashe shi ba. Samfuran da aka tara sun haura 900.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji ya tayar da hankali. An sami zaiba da dalma da kadmiyom da kiromiyom a jikin dabbobin da ke zaune nesa ƙwarai da kowace masana'anta. Ga kuma sinadarai irin su DDT na kashe ƙwari da PCB na kayan lantarki, waɗanda ba sa ruɓewa da wuri, kuma a kitse suke narkewa. Ƙananan halittu su sha, kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, gubar tana ƙara kauri a kowane mataki har ta isa ga whale. Abin takaicin shi ne uwa kan juye wani kaso mai yawa na abin da ta tara cikin nononta mai maiƙo, ɗan fari kuma shi ya fi kwasa. Payne ya sha jan hankali cewa wannan haɗari ya shafi mutane ma, tun da miliyoyin jama'a daga teku guda suke samun kifin da suke ci.

Ya sami kyautar Gidauniyar MacArthur a 1984. A ƙarshen rayuwarsa ya zama mai ba da shawara ga shirin CETI, wanda ke amfani da kwamfuta don fahimtar sautukan da whale mai ƙaton kai ke yi wa juna. Ya rasu a gidansa da ke jihar Vermont ranar 10 ga Yuni, 2023, yana da shekara 88.