'Yan mastas da dakta, ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini kan rubutun kundi

Tambayoyin nan na amsa su a ofis, na amsa a WhatsApp, har bakin masallaci bayan Juma'a an tsai da ni a kansu. To ga su wuri guda, kowa ya karanta kafin ya sake turo mini saƙo da tsakar dare.

Malam, yaushe zan fara rubutu tunda ban gama karance-karance ba?

Yau. Karatu ba ya ƙarewa. Duk takardar da ka karanta, rubuta layi uku da kalmominka: mi mai ita yac ce, wace hanya ya bi, ina ta taɓa aikinka. Haka babi na biyu, wato na bitar ayyukan da anka yi kafin naka, ke taruwa.

Awa nawa ya kamata in yi a rana?

Ko minti 30 ya isa, in dai kullum ne. Robert Boice, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya daɗe yana nazarin yadda malaman jami'a ke rubutu, kuma abin da ya gani shi ne masu ɗan zama kaɗan kullum sun fi masu jiran hutu su kwana bisa kwamfuta yawan abin da suke fitarwa. Yi lissafi da kanka: kalma 200 a rana, kwana 6 a mako, 1,200 ke nan, cikin wata uku ka haura 14,000. Amma ku kun fi son ku bari sai an kafa ranar semina sannan ido ya raina fata.

Wane lokaci ya fi?

A Sakkwato? Bayan Asuba. Watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, ba kan da ke aiki da ƙarfe biyu na rana, ga wuta ba tabbas. Ka yi cajin laftof tun da dare. Kuma ka daina cewa "zan yi rubutu gobe in sha Allahu" ba lokaci ba wuri. Peter Gollwitzer, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayanin wannan a 1999, cewa niyyar da anka ɗaure da takamaiman lokaci da wuri ta fi cika. Ka ce, in na gama azkar zan buɗe babi na uku in rubuta sakin layi biyu kafin yara su tashi.

Waya na cinye mini lokaci.

Kai ta wani ɗaki. Saita minti 25 na aiki, 5 na hutu, shi ne tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo. In gida ba ya zaunuwa, ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo na nan a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tafi can.

Malamin da ke duba aikina ya riƙe babina wata biyu, in ci gaba da na gaba ko in jira shi?

To wagga kam ba ta da amsa guda, ya danganta da wane babi ne a hannunsa. In babi na ɗaya ne ko na uku, wato manufofin bincike da hanyar da za ka bi, ni dai ba zan ce ka fita tattara bayanai ba, don in ya dawo yac ce a canza manufa guda ko a sake takardar tambayoyin, duk kuɗin mota da na buga takardu da ka kashe zuwa Wurno ko Tambuwal sun tafi a banza, mutanen da ka yi hira da su kuma ba lalle su sake ba ka lokaci ba. Amma wannan ba ya nufin ka naɗe hannu. Babi na biyu kusan kullum ana iya ci gaba da shi, haka gyaran manazarta, haka mayar da hirarrakin da ka riga ka ɗauka zuwa rubutu. In kuwa babi na huɗu ne a wurinsa, wato na sakamakon bincike, kana iya zana na biyar, na kammalawa, sama-sama, ka sani dai ƙila rabinsa ya canza.

Sai maganar tuntuɓarsa, nan ma sai da lura. Wani malamin yana son a tuna masa, wani kuma kira biyu a mako ya isa ya ɓata masa rai, tambayi waɗanda sunka gama a hannunsa kafin kai. Abin da na ga yana aiki shi ne ka je da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce "Malam, ko akwai abin da zan riƙa yi kafin a duba wancan?" Ka ga ba ka ce ya yi jinkiri ba, amma ya tuna. Kai ƙara wurin shugaban sashe ko kodinetan fostgiraduwet hanya ce, ban ce babu ita ba, sai dai ta ƙarshe ce, bayan watanni, kuma da shaidar ranakun da ka miƙa aiki a rubuce. Ku riƙa rubuta ranakun nan don Allah.

Zan iya kwafo na wani in canza kalmomi?

A'a. Ko ka tsallake Turnitin, manhajar da ke gano kwafe, ranar kare kundi za a tambaye ka abin da ba ka sani ba gaban mutane. Kuma cin amana ne.

Abokan karatuna duk sun gama, ga aiki ga ɗiya ga girki, ina jin ba zan iya ba.

Za ki iya, 'yar'uwa. Wadda ta ci kwas-kwas ɗin shekarar farko ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, lokaci ne ya yi mata kaɗan. Ki zauna da maigida ku yanke awa guda da ba mai kiranki, ko da kwana huɗu ne a mako. Ranar Juma'a ki duba abin da kika rubuta, in bai kai ba ki rage burin mako mai zuwa, kar ki daina.

Ina zan adana aikin?

Wuri uku: laftof, Google Drive mai ba da 15GB kyauta, sannan ka tura wa kanka ta imel duk mako. Na taɓa zama da ɗalibin da filash ɗinsa ya kwaso bairos a shagon buga takardu, babi huɗu sunka tafi, babba da shi yana hawaye a ofishina.

Manazarta fa, in bari sai ƙarshe?

Kar ka soma. Sauke Zotero, manhajar tara manazarta, kyauta ce, duk abin da ka karanta ka shigar da shi ranar da ka karanta shi.